Curin Nama da Kwanon Maza

Lokacin da ma'aikaciyar asibitin garinmu ta naɗa zaren awo a damtsen Muntaka, ban kalli fuskarta ba, zaren na kalla. Launi uku ne a jikinsa, kore da rawaya da ja. Hannun ɗana ya tsaya a ƙarshen rawaya, jan yana leƙowa.

"Ƙyandar ta tafi," in ji ta, "amma ta tafi da naman jikinsa. Me yake ci?"

Na ce koko. Shi ma ɗan kurɓi kaɗan, sai ya kau da kai.

"Koko ai ruwa ne, 'yar uwa. Nama jikinsa yake nema, da ƙwai, da madara. Ki dawo da shi mako mai zuwa. In ya shiga jan nan, sai dai mu tura ku Ɗambatta a kwantar da shi."

Na goya shi muka kamo hanyar gida ta cikin gonaki. Kaka ce, an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina mutane sun duƙa suna cirar gyaɗa. Ana yi mini sannu ina amsawa, amma hankalina yana bayana. Yaro mai shekara biyu da rabi, wanda kafin ciwon nan in na goya shi zuwa rijiya sai ƙuguna ya gaya mini, yau sai na riƙa kai hannu ina taɓawa don in tabbatar yana nan.

A gidanmu tukunya ɗaya ake ɗorawa. Akwai Inna, mahaifiyar mijina Hashimu. Akwai wansa, Yaya Sama'ilu, da matarsa Maijidda da 'yarsu Tahira. Ni da Maijidda muke karɓa-karɓar girki, amma rabo na Inna ne. Duk ranar da aka samu nama, za ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tsamo tsoka ta jera a kwanon maza da za a kai zaure, sannan ta ɗan taɓa mana mu mata. Yara romo ne nasu, sai ƙashi na tsotsa. Ba mugunta ba ce. Haka ta taso ta gani, kuma a wurinta wanda ya yini a gona da fartanya shi ya fi cancanta.

Ni kuma Muntaka ɗan farina ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta roƙa masa wani abu a gaban surukarta. Ko a tsakiyar ciwon, in a tsakar gida ne, Inna ce take rungume da shi, ni ina gefe ina tankaɗe kamar ɗan maƙwabta ne ba shi da lafiya. Sai mun shiga ɗaki nake ɗaukarsa. In zancensa ya kama dole, sai in ce "yaron nan".

Na gaya wa Hashimu abin da aka ce a asibiti.

"To ki faɗa wa Inna mana, Juwairiyya," in ji shi.

"Ni? Da wane bakin?"

Ya ce shi zai faɗa. Ya kuwa faɗa, don washegari na ga Inna ta ƙara wa yaron romo har da ɗan man shanu a kai. Ya shinshina ya ture.

Ba wai ban gwada ta bayan fage ba. Hashimu ya sayo balangu ya ɓoye a aljihu ya kawo mini ɗaki. Na yayyaga na sa masa a baki, ya tauna sau ɗaya ya fashe da kuka, don ciwon ya bar masa miki a cikin kunci. Na dafa ƙwai na ɓare masa, ya kalla ya juya baya. Abu ɗaya na lura da shi: a ɗaki, ni da shi, ba ya karɓar komai. Ɗan abin da yake shiga cikinsa duk a tsakar gida ne, kan tabarma, in ya ga Tahira tana ci. Ke nan dole naman ya zama mai laushi, kuma dole ya zo masa a cikin abincin gida, a gaban kowa, ta hannun Inna.

Ina cikin wannan tunani na tuna da Amsa. Ƙawata ce tun makaranta, iyayenta mutanen Barno ne da suka daɗe a Kano, yanzu tana aure a Ungogo. Ranar sunan 'yarta ta fito mana da wani abinci a faffaɗan faranti: dankalin turawa a ƙasa, curin niƙaƙƙen nama a tsakiya, cuku ya narke ya lulluɓe komai. Yanka shi aka riƙa yi da wuƙa ana ɗora wa kowa. Har wata tsohuwa marar haƙori ta ci ta nemi ƙari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wannan abincin ba a tsamo nama. Duk wanda aka yankar wa, da rabonsa a ciki.

Na kira ta a waya.

"Ke da kike ƙauye, a ina za ki gasa?" in ji ta tana dariya. "Ni fa da tanderun lantarki nake yi."

"Ina da tukunya, ina da yashi. Da me kike tsammani muke gasa kek ɗin sallah?"

"To cukun fa? Nawa na kanti ne, mai narkewa."

"Zan yi na madara, yadda ake yin awara."

"Wannan ba zai narke ba, Juwai."

"Zai ciyu?"

"Ci kam zai ciyu."

"To faɗa mini sauran."

Ta faɗa mini dalla-dalla, ina maimaitawa. Da ta ji dalilin, dariyar ta ɗauke, ta ce kada in sa barkono ko kaɗan, in kuma dafa dankalin ya yi laushi sosai kafin in jera.

Ranar kasuwar Ɗambatta ta faɗo a girkina. Na roƙi Hashimu ya sayo tsoka zalla ba ƙashi, da dankalin turawa. Ita kuma Bafillatanar da take kawo mana nono, tun jiya na ce ta zo mini da sabuwar tatsa wadda ba ta kwana ba.

Da madarar na fara, tun da hantsi. Na tafasa ta, na matse lemon tsami a ciki, nan da nan ta tsinke, fari-fari ya taso ruwa ya koma gefe. Na juye a ƙyallen tata, na ɗaure, na danne da dutsen niƙa. Kafin azahar ya haɗe ya zama dunƙule, fari tas, mai taushi. Na gutsura na ɗanɗana. Ba irin na Amsa ba ne, amma madara ce, kuma madara aka ce.

Naman na yanka ƙanana na zuba a turmi da albasa da tafarnuwa da 'yar citta. Ina cikin daka Maijidda ta fito da tsintsiya a hannu.

"Dambun nama za a yi mana yau? Wa ya haihu?"

"Ba dambu ba ne, Yaya."

"To mene ne?"

"Ki dai jira."

Ta tsaya a kaina har na kwashe, na zuba garin busasshen burodi, na fasa ƙwai a ciki na cuɗa, na fara curawa a tafin hannu.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yau nama ya zama fura. Saura ki kawo nono mu dama."

"In kin gama tsiyar, ga dankali can yana jiran wuƙa."

Ta ajiye tsintsiyar ta zauna tana firar dankalin tana mita, wai ita ba a taɓa sa ta aikin abincin da ba ta san sunansa ba. Maijidda bakinta ne kawai, hannunta ba ya ƙyuya. Ta yanka dankalin fale-fale yadda na nuna mata, na tafasa shi da gishiri har ya kusa narkewa. Curin naman na soya sama-sama a man gyaɗa don kada ya watse. Na yi 'yar miya ta tumatir da tattasai mai kauri.

A nan Inna ta fito alwalar la'asar. Ta bi ta kusa da murhu, idonta ya sauka kan ɓawon ƙwai da na manta ban zubar ba.

"Ƙwai aka sa a ciki?"

"E, Inna. Shi yake riƙe naman."

"To, na manya ne ke nan. Kin san ba a ba yara ƙwai a gidan nan, hannu yake sa musu ɗauke-ɗauke. Sai a ba su dankalin."

Na ce, "To, Inna."

Na lallashi kaina. In aka gasa, komai zai haɗe ya zama abu guda kamar na Amsa. Wa zai iya raba nama da dankali a cikin wancan? Sai dai a yanka, kuma kowane yanka da nama a ciki.

Na shafa mai a faffaɗan kwanon silba. Na shimfiɗa dankali, na zuba miya, na jera curin naman sahu-sahu, na cike tsakaninsu da sauran dankalin. Cukun na murmushe shi, na kaɗa da 'yar ragowar madara da ƙwai, na bi kai na zuba. Babbar tukunyarmu ta biki tun ɗazu tana kan wuta da busasshen yashin rafi a gindinta. Na ɗora 'yan duwatsu a kan yashin, na zaunar da kwanon a kansu, na rufe, na kwaso garwashi na zuba a kan murfin. Wuta ƙasa, wuta sama.

Daga nan sai jira. Ba a buɗe tukunyar yashi don leƙe, zafin guduwa yake. Na zauna ina rage itace in ya yi yawa, ina ƙara garwashi in ya yi toka. Muntaka yana kwance kan tabarma a inuwar rumbu, Tahira tana jera masa ƙwallayen goruba a ciki yana kallonta ba ya ko motsi. Da ƙamshi ya fara fita na ga ya ɗan ɗago kai. Na yi kamar ban gani ba, amma na gani.

Rana ta yi ja na sauke. Na kawar da garwashin, na ɗaga murfin da tsumma, tururi ya buge ni a fuska. Da ya washe na leƙa.

Ya gasu, wannan ba shakka. Saman ya yi ja-ja, gefe yana tafasa a hankali. Amma cukun bai narke ba, kamar yadda Amsa ta faɗa, ni ce ban tsaya na auna abin da hakan yake nufi ba. Nata narkewa yake ya manne komai ya rufe. Nawa ya ƙanƙance ya zauna a tsakanin dankalin, ya bar curin naman a fili, kowanne ya fito da kansa ɓaro-ɓaro kamar ƙwai a akurki. Ko makaho zai iya tsince su.

Na ɗauki cokali zan farfasa su in cakuɗa, sai ga Maijidda ta kira Inna.

"Inna, zo ki ga abin da amaryarki ta ƙirƙiro."

Na ajiye cokalin. Abinci in ya sauka, ya bar hannun mai girki.

Bayan sallar magariba Inna ta jawo kujerarta. Aka jera kwanuka a gabanta kamar kullum, na maza babba mai murfi, namu, da ƙaramin na yara. Tahira ta jawo tabarmarsu kusa, ta zaunar da Muntaka ya jingina da ita. Inna ta yi bisimilla, ta duba abincin ta gefe da gefe.

"Abin dai da kyau a ido," in ji ta. "Kuma kin kyauta da kika cura shi haka, ya fi sauƙin rabo."

Ta sa cokali ta ɗauko curi ɗaya ta sa a kwanon maza. Ta ɗauko wani. Ko wahala ba ta sha, suna fita salin-alin suna barin ramukansu a cikin dankalin. Ina durƙushe a gefe riƙe da murfin kwano, ina kallon sahun farko ya ƙare, ta shiga na biyu. Ta ɗebo dankali zalla ta zuba a kwanon yara ta tura musu. Tahira ta sa hannu. Muntaka ya kalli dankalin, ya kalli kwanon maza, ya mayar da kansa kafaɗar Tahira.

Na ce a raina, bari Hashimu ya rage nasa ya kawo mini ɗaki. Na kuma ba kaina amsa, a ɗaki ba ya ci. Na ce, gobe na sake wata dabara. Goben da me? Naman kasuwa ya ƙare, ranar komawa asibiti tana matsowa. Na tuna jan nan da yake leƙowa a jikin zaren. Kunyar da aka koya mini tun ina yarinya ta hana ni magana, cokalin Inna kuma bai tsaya ba. Saura kaɗan a kusurwar kwanon.

"Inna," na ce.

"Na'am."

"A bar wa Muntaka."

Cokalin ya tsaya a sama. Maijidda ta kai hannu ta rufe baki. Har Tahira ta daina tauna, don ita ma ba ta taɓa jin sunan daga bakina ba.

Inna ta juyo ta dube ni. "Wa kika ce?"

Tunda ya fita, ya fita. Na sunkuyar da kai na ce, "Muntaka, Inna. Don shi na yi abincin nan. An auna hannunsa a asibiti, sun ce ya rame ya kusa kai inda ake kwantarwa. Sun ce nama da ƙwai da madara. In mun koma bai ƙaru ba, Ɗambatta za su tura mu. Ba ya iya tauna tsoka, shi ya sa na daka. Ba ya ci a ɗaki, shi ya sa na yi na gida duka."

Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gabanta ba.

"Kwantarwa?" in ji Inna. "Hashimu ce mini ya yi likita ta ce a ƙara masa ɗan maiƙo."

"Bai so ya tayar miki da hankali ba ne."

"Shi bai so ya tayar mini da hankali ba, ke kuma kina jin kunya. Kuka zuba mini ido ina ɗura wa yaro romo." Ta ajiye cokalin a kan murfi. "Da sai na ga an ɗauke shi a mota sannan wani zai gaya mini?"

Ta daɗe tana kallon yaron, irin kallon da ake yi wa abin da kullum yana gabanka amma yau ka fara ganinsa. Sannan ta miƙa hannu ta jawo kwanon maza gabanta.

"Tahira, kawo mini shi nan." Ta ɗora shi a cinya. "Zo nan, maigida. Ashe da yunwa ake barinka a gidanka? Ni matarka ina zaune ana kai naman zaure ana ba waɗansu ƙatti? Ai kwanon maza naka ne, su ne suke ci maka."

"Inna," in ji Maijidda, ta dawo da bakinta, "da ƙwai fa a ciki."

"Da idona na ga ɓawon, ba sai kin tuna mini ba. In ya girma ya yi ɗauke-ɗauken, akwatina zai fara buɗewa, tsummokara zai tarar."

Maijidda ta yi dariya. Ni ban iya ba, don har yanzu ba a yi komai ba. An ba shi izini ne kawai, ci kuma nasa ne.

Inna ta ɗauki curi ɗaya ta murmushe da yatsu, ta haɗa da ɗan dankali ta kai masa baki. Ya kau da kai. Ta bi shi ta ɗaya gefen, ya sake kaucewa ya tura fuska cikin mayafinta.

"Haba maigida, kada ka kunyata ni a gaban mutane."

Ya ƙi. Na zauna sosai a ƙasa. Duk dakan, da madarar, da yinin da na yi a bakin wuta, da sunan da na kira.

"Inna, ni a ba ni," in ji Tahira.

Inna ta dube ta kamar za ta kore ta, sai kuma ta ɗauko guda cur ta miƙa mata. Tahira ta riƙe shi da yatsu biyu tana hurawa, ta gatsa, ta lumshe ido tana wani gyaɗa kai da gangan don ta ba shi haushi.

"Nawa ya fi naka," ta ce masa. "Nawa ƙwallo ne, naka an fasa."

Muntaka ya zaro fuska daga mayafin. Ya kalli hannun Tahira. Ya kalli murmusasshen da yake hannun Inna ya ture shi. Sannan ya miƙa ɗan siririn hannun nan nasa cikin kwanon maza, ya damƙo curi guda da kansa.

Ya juya shi a hannu, ya kai hanci, ya lasa. Ya ɗan gatsi gefe. Na zuba wa bakinsa ido ina jiran kukan da na saba ji, ko ya turo shi waje da harshe. Ya tauna a hankali ta gefe ɗaya. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ya sake gatsa.

Na tashi na koma bakin murhu na kama tura itacen da ba ya bukatar turawa. Hayaƙi kaɗan ne, amma na bar shi ya zama dalilin idona. Ta bayana ina jin Inna tana cewa, "A hankali, ba mai ƙwace maka. Maijidda, miƙo ruwa." Da na waiwaya ya gama na farko, miya ta ɓata masa haɓa, yana tsintar jan cukun da ya manne a gefen kwano yana kaiwa baki. Wannan cukun da na gama tsine masa a raina, shi ya fi so. Inna ta lura, ta riƙa ɓanɓaro masa tana tarawa a tafinta.

Sai ga sallamar Hashimu daga bakin ƙofa.

"Inna, lafiya dai? Yaya ya ce in tambaya ko an manta da mu ne."

"Ba a manta ba. Maigidan ne yake ci, in ya ƙoshi a kawo muku saura."

Ya matso yana shirin yin dariya, sai ya ga abin da yake faruwa. Ya tsaya da hula a hannu, yana kallon ɗansa riƙe da curi na biyu. Ya dube ni, na kau da kai.

"Kai kuma," in ji Inna ba tare da ta ɗago ba, "zan gamu da kai. Ɗan maiƙo ko?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, ai ban so ne..."

"Ɗauki dankali ka kai wa ɗan'uwanka. Ga nama nan na sa muku na ɗanɗano. Wanda bai ƙoshi ba akwai tuwon rana."

Ya ɗauka ya fita, na ji muryarsa a zaure yana ba Yaya Sama'ilu labari.

Muntaka bai gama na biyun ba. Ya ci fiye da rabi, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, ya jingina da ƙirjin Inna da ragowar a dunƙule a hannu. Na so ya ƙara, amma na san cikin da ya daɗe a rufe ba a cika shi rana ɗaya. Tahira ta nemi ta karɓe ragowar, ya ƙanƙame ya yi mata tsawa. Rabon da in ji ya yi wa wani tsawa tun kafin ƙyandar.

Inna ta ware waɗansu curin a ɗan kwanonta, ta haɗa da ɓawon cukun, ta rufe ta tura ƙarƙashin kujera.

"Wannan na safe ne. A ɗumama masa da kyau, kuma a nan zai ci, tare da wannan mai wayon." Ta miƙo mini shi. "Karɓi, ya yi barci."

Na karɓe shi a gabanta, a gaban Maijidda, na kwantar da shi a kafaɗa. Ban taɓa yi ba. Sai da na juya zan shiga ɗaki Inna ta kira ni.

"Juwairiyya."

"Na'am, Inna."

"Akwai zakaran nan nawa mai faɗa. Jibi a yanka, ki daka shi kamar haka. Madara kuma ni zan yi wa Bafillatanar magana." Ta goge cokali. "Sunan nan kuma da kika kira, na ji. Sau ɗaya ya isa, kada ki mayar da shi waƙa."

"To, Inna."

Na kwantar da shi, na buɗe hannunsa a hankali na cire ragowar naman, na goge masa baki. Numfashinsa yana fita daidai. Da na fito Maijidda ta tura mini kwanon silban, babu komai a ciki sai dankalin da ya kama a gindi.

"Ga rabon mai girki," in ji ta. "Marar kunya."

Sai a lokacin na tuna tun koko na safe ban ci abinci ba. Na zauna na jawo kwanon, na kankare shi tas.